Laujen da Na Wasa a Tandabawi

Ni na share ɗakin makaman nan shekara biyu da wata huɗu, amma da aka tashi ba da mabuɗinsa sai aka miƙa wa Suhaila, yarinyar da ba ta iya bambanta ƙarfe mai kyau da gwangwanin madara ba. Abin ya ci mini rai a lokacin, yana kuma ci har yau, ba zan zauna ina yi wa kowa ƙaryar na manta ba. Sai da na haura arba'in da biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da na iya haɗa baƙi da wasali na san wannan zan fara rubutawa.

Sunana Tasalla. Ubana maƙeri ne a wani ƙauye bayan Ɗambatta, kuma da yake Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba, ni aka zaunar a gindin zugazugi tun ban iya ɗaurin zane ba. Mace ba ta ƙira a wajenmu, ban taɓa ɗaga masaba ba. Amma duk lauje da wuƙa da askar da suka fito daga wutar Baba a hannuna suke ƙarewa, ni ke wasa su. A gidanmu a ga ƙarfe da tsatsa abin kunya ne, kamar a ga tukunyar mace ta kwana ba wanki.

Umara ce ta kawo ni Makka bayan rasuwar mijina. Mu tara ne. Mutumin da ya kawo mu ya tattara fasfo ɗinmu a Jidda, ya ce zai je a buga musu hatimi. Ina jin har yanzu ana kan bugawa. Haka na zama 'yar takari, wato wadda ta zo ibada ta maƙale ba takarda.

Zangona na farko Nakkasa ne, can saman dutse, inda sai ka hau matakala har gwiwarka ta yi ƙara kafin ka ga ƙofar ɗaki. Wata tsohuwa 'yar Damagaram, Inna Kande, ita ta karɓe ni. Mu bakwai a ɗakin, in ɗaya za ta juya sai ta sanar da ta kusa da ita. Da safe mu ƙulla hatsin tattabaru a leda mu gangara mu sayar wa alhazai, ido ɗaya kan ciniki, ɗaya kan motar askar, wato 'yan sandan garin. Ranar farko da na hango su na zubar da hatsin na kwasa da gudu, takalmina ɗaya ya tsaya a titi. Wani Bayamane mai gasa gurasa ya jawo ni ya tura bayan buhunan fulawa, da suka wuce ya miƙo mini gurasa mai zafi ya nuna mini ƙofar baya. Bai tambayi sunana ba, ni ma ban san nasa ba. Da na hau gida da takalmi ɗaya Inna Kande ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wa ya ce ki gudu? Wadda ta gudu ita ake kamawa. Ki saki niƙabinki, ki yi tafiya kamar gidan ubanki na bayan kwanar nan."

Na koya. Na koyi wucewa ta gaban askar ina jan carbi. Na koyi tsayawa kusa da matan Larabawa a bakin shago har a ɗauka tare muke. Yunwa ba ta karya ni ba, zafin garin ma haka. Abin da ya karya ni ƙarar ƙarfe ce. Wata rana na bi ta wajen wani gini, wani lebura yana dukan rodi da guduma, ƙarar ta fito daidai da ta maƙerar Baba da hantsi. Na zauna a gefen titi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gudu da fasfona.

Zango na biyu Hindawiyya, kodayake kwana a Nakkasa nake yi. Na samu aiki a wajen wata mai tuwo da direbobin tasi ke ci a wurinta. A nan wani mai zaƙin baki da ake kira Ɗanjidda ya ce zai samo mini iƙama, takardar zama. Na cire 'yan kunnen zinarin da uwata ta bar mini na ba shi. Bayan mako biyu ya kawo kati mai sheƙi, kore, da hoton dabino a jiki. Wata biyar ina yawo da shi a ƙirjina, ina taka ƙasa da ƙarfi. Ranar da na fito da shi don in yi wa wani direba burga, ya karanta, ya ajiye lomarsa.

"Hajiya, wannan ai katin shagon wankin kaya ne. In kin kai riga goma a wanke miki ta sha ɗaya kyauta."

Duk rumfar ta ɗauki dariya, har da mai tuwon. Ni ma na yi, don in ban yi ba sai na fasa wa wani kwano a ka.

A tsakanin nan aka fara shafa jan fenti a bangayen Nakkasa. Ban iya karanta abin da aka rubuta ba, amma duk gidan da aka shafa wa, ba a daɗe sai katafila ta zo. Da aka shafa wa namu, Inna Kande ta kira ni ta ce akwai wata tsohuwa a Tandabawi da ke neman mai aikin da za ta kwana a gida, mai jin Hausa.

"Ki riƙe wurin nan da haƙori," in ji ta. "In kika fito ba ni da inda zan sa ki. Ni ma ban san inda zan sa kaina ba."

Gidan na wani injiniya ne, kowa Muhandis yake ce masa. Ɗan ƙasa ne, da takardunsa, amma kakanninsa daga Sakkwato suka tako a ƙasa. Uwarsa, Hajja, idanunta sun yi rauni, Hausarta kuwa tana nan daram irin ta mutanen da. Shi tasa ta lalace, yana yin ta kamar mai tafiya a kan tsakuwa. Ya yi karatu shekaru a Japan, can ya kwaso ciwon da ya cika ɗaki guda a saman bene.

Ranar da ya fara buɗe mini ɗakin don in share, na tsaya a bakin ƙofa. Ƙarafa ne rataye a bango, wasu a kan tebur, duk baƙaƙe, duk tsofaffi. Ya ce kayan wasu mutane ne da ake kira ninja, 'yan leƙen asiri na Japan ta da, waɗanda sarakuna ke aikawa su shiga garin abokan gaba su fito ba wanda ya sani. Yana magana yana kallona ko zan tsorata. Ni kuwa na matsa kusa da wata igiya mai ƙarfe baki huɗu a kanta.

"Wannan ai ƙugiya ce. Da ita muke ciro guga in ya faɗa rijiya."

"La, la. Da shi ana hawa katanga."

"To, ku hau katanga. Mu guga muke cirowa."

Na nuna wasu 'yan ƙarafa masu tsini ta kowane gefe, ko ta ina ka jefa su ɗaya tsinin na kallon sama. Ya ce a ƙasa ake watsa su don mai bin ka ya taka. Na ce tsidau ke nan, Allah ya riga su yin sa, ya cika gonakinmu. Akwai wani mai kama da ƙaramin dagi da zobe a gindi, ya ce da shi suke haƙa da ɓanɓare bango. Akwai masu kama da tauraro da ake jifa da su, waɗannan kam ban san irinsu ba, kuma na faɗa masa maƙerin da ya yi su ya sha wahala, don daidaita baki huɗu su yi nauyi ɗaya ba wasa ba ne. Sai ya tsaya ya dube ni.

A tsakiyar bangon akwai lauje. Lauje sosai, irin na yankan ciyawa, sai dai an ɗaura masa doguwar sarƙa da dunƙulen ƙarfe a ƙarshenta. Ya ce wannan ya fi komai daraja a ɗakin, wani malaminsa ne ya ba shi. Ya ce mutanen nan ba baƙaƙen kaya suke sawa kamar yadda ake nunawa a talabijin ba. Shigar manoma suke yi, ko 'yan koli, su ratsa kasuwa da kayan gona a hannu, mai gadi ya dube su bai ga kowa ba.

"Ashe mu ne," na ce.

Ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya sauka yana ba Hajja labari. Daga ranar ta sa mini suna ɗiyar maƙera. Amma kafin ya sauka ya ɗaga yatsa. "Shara bas. Taɓawa mamnu." Wato an hana.

Shekara biyu ina share ɗakin nan. Ban taɓa ba. Amma duk ranar da na shiga sai na tsaya gaban laujen, hannuna na ƙaiƙayi. Ƙirarsa ta yi kyau, ƙarfen na gaske ne, kana gani ka san wanda ya buga shi ba ya gaggawa. Ga shi an bar shi ya yi baƙi ƙirin, bakinsa ya dakushe ko kabewa ba zai yanka ba. Ina cewa a raina, mutum ya yi karatu har Japan amma bai san ana wasa lauje ba. Wani lokaci in ya dawo aiki yakan same ni a ciki ya tambaye ni yadda Baba ke yi wa ƙarfe wanka a ruwa bayan an fito da shi daga wuta, in faɗa masa, ya gyaɗa kai. A duk Makka nan ne kawai wurin da wani ke tambayata abin da na sani.

Sai ciwon sukarin Hajja ya tashi, magunguna suka yi yawa, aka ce sai an kawo mai iya karanta kwalba. Aka kawo Suhaila.

Haihuwar Hindawiyya ce, uwarta Bakatsiniya, shekarunta ba su fi ashirin da huɗu ba. Tana da katin zama na gaske, ta gama sakandare, tana jin Larabci kamar ruwa da ɗan Turanci. Hausarta irin ta Muhandis ce. Khala take ce mini, wato inna, tana yi mini ladabi, kuma ladabin nan ya fi zagi ɓata mini rai, don ban samu inda zan kama ta ba. Wata rana ta kawo mini tsintsiya sama, ta ga 'yan katunan da ke manne ƙarƙashin kowane ƙarfe, waɗanda ni shekara biyu nake goge musu ƙura. Ta fara karantawa da ƙarfi. Shuriken. Kunai. Kusarigama, wato laujena. Muhandis na hawowa ya ji.

Shi ke nan. Daga ranar in ya dawo aiki ita yake nema. Su tsaya gaban bango suna Larabci, tana tambaya yana amsawa, ni ina durƙushe ina goge tayil a bayansu. Ya sayo akwatunan gilashi. Ya sayo mata farar safar hannu, ya koya mata yadda ake ɗaga kowane ɗaya. Laujen ya sauke shi daga bango, aka naɗe shi da shuɗin ƙyalle aka sa a akwatin katako, ba a buɗewa sai an yi baƙo. Ya sa wa ƙofar kuba, ya ba ta mabuɗin a gabana. Ni aka ce in riƙa share matakala zuwa bakin ƙofa.

Na sami Hajja a ɗakinta na zauna ina huci.

"Mi ya faru, ɗiyar maƙera?"

"Hajja, yarinyar nan ko wuƙar kicin ba ta iya riƙewa ba. Jiya da bayan wuƙa na gan ta tana yanka albasa."

"To ke mi ya hana ki karanta katin?"

Na tashi na fita. Ranar tuwon da na tuƙa ko ni ban iya ci ba.

Ba zan ɓoye abin da na riƙa yi ba. Na daina amsa gaisuwarta sai da ka. In ta shanya safar nan tata a igiya sai in matsar da ita inda tattabaru ke sauka. In na ji ƙarar mabuɗin a aljihunta sai in ji kamar ana kaɗa mini shi a cikin kunne. Ita kuwa ko a jikinta. Ta dawo daga gidansu ranar Juma'a ta kawo mini ƙosai a leda, wai Ummi, uwarta ke nan, ta ce a gaishe ni.

Wata rana Muhandis ya ce malamin nan nasa da ya ba shi laujen zai zo Umara. Tsoho ne Bajapane da ya musulunta tun da daɗewa, kuma a gidan zai sauka ranar Alhamis. Gida ya rikice da shiri. Aka ce Suhaila ce za ta buɗe akwatin a gaban baƙo, har gwaji suka yi sau biyu. Ni aka ce in kawo gahawa da dabino in tsaya a bakin ƙofa.

Ranar Laraba da safe Suhaila ta kai Hajja asibiti, Muhandis ya tafi Jidda taryen baƙonsa. Ta bar rigar aikinta rataye a bayan ƙofa, mabuɗin na cikin aljihu. Na daɗe ina kallon rigar. Abin da na ce wa kaina shi ne, mutumin nan zai zo daga ƙasar da aka ƙera laujen, ya tarar an bar kyautarsa ta yi tsatsa, gidan nan zai ji kunya. Gaskiya ne na yi wannan tunanin. Amma wanda ya fi shi ƙarfi shi ne, ina so a buɗe akwatin nan a tambaya wa ya yi wannan aiki, in ajiye tire in ce ni ce.

Na hau da shi rufin bene. Na yanka lemun tsami shida, na kwaso tokar gawayin turare, na ɗauko soson ƙarfe da dutsen wasin kicin. Na fara da baƙin. Ya yi taurin kai, ya kama ƙarfen kamar fata, amma na bi shi a hankali har fari ya fara leƙowa. Kusa da ƙota akwai wasu 'yan zane-zane da suka kusa shafewa, kamar inda kaza ta yi tono. Na ce wannan cin tsatsa ne, na bi su da dutse har wurin ya yi sumul. Sannan na jiƙa dutsen na kwantar da bakin laujen yadda Baba ya koya mini, ba a tsaye ba, ba a kwance ba, kana ja kana bin lanƙwasar. Da ƙarfen ya fara kuka a kan dutse na san ban yi kuskure a kansa ba, ƙarfe ne na ƙwarai. Rana ta dake ni, gumi na zuba, ina waƙar da muke yi a gindin zugazugi. Tun da na zo Makka ban yi awa uku masu daɗin waɗannan ba. Da na gama na zare zare ɗaya daga gefen mayafina na sake shi a kan bakin, ya rabu biyu. Na goge, na naɗe, na mayar, na sa mabuɗin inda na same shi.

Alhamis bayan la'asar suka hau. Baƙon ɗan ƙaramin tsoho ne mai farin gemu, yana Larabci a hankali, kalma bayan kalma, har ni ina tsintar abin da yake cewa. Suka zagaya ɗakin. Ina bakin ƙofa da tire. Suhaila ta sa safarta, ta ɗaga murfin akwatin, ta warware ƙyallen. Laujen ya kama hasken fitila ya watsa a bango.

Na gyara tsayuwa ina jiran tambayar. Sai na ga fuskar Muhandis, na ga jini ya bar ta. Ya dafa tebur. Tsohon ya karɓi laujen da hannu biyu, ya juya shi, ya kai idonsa kusa da ƙota, ya shafa wurin da babban yatsa, ya sake shafawa. Ya ce a nan sunan maƙerin yake. Ya ce baƙin nan da aka cire shi ne shekarun laujen, kuma ba a mayar da shi.

Muhandis ya juya kan Suhaila da Larabcin da ban taɓa jin ya yi ba, da sauri. Mabuɗi ɗaya ne, a hannunta yake. Ta buɗe baki ta ce wallahi, sai idonta ya faɗo kaina, kan hannuna da ke riƙe da tiren. Ta rufe bakin. Ta sunkuyar da kai.

Ni kuwa na bar ta da laifin. Na tuna Nakkasa da aka riga aka baje, na tuna motar askar, na tsaya kamar an dasa ni.

Tsohon bai daina duba laujen ba. Ya ɗora bakin a kan farcensa, ya ɗaga shi ya bi lanƙwasar da ido ɗaya. Sannan ya ce, a hankali yadda har ni na ji duka, an yi ɓarna babba, amma hannun da ya yi wannan wasin ya san ƙarfe, ko a garinsu masu irin wannan hannun sun kusa ƙarewa. Ya juya wajen Suhaila, ya haɗa ƙafafunsa, ya ɗan rusuna mata.

Ita. Ya rusuna mata.

Muhandis ya ce ta haɗa kayanta, bukra, gobe, direba zai mayar da ita gidansu. Ya karɓi mabuɗin daga hannunta, ya waiwayo ya gan ni, ya ɗora shi a kan tiren kusa da dabino.

"Ke shekara biyu, ba ki ɓata komai. Riƙe."

Abin da na yi wata takwas ina so ke nan, ga shi a gabana tsakanin kofuna.

Kafin magariba na same ta a kicin tana wanke kofunan gahawa, idonta ya yi ja. Na rufe ƙofa.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Khala, ni akwai kati, akwai gidan Ummi. Ke ina za ki tafi?"

"Ban roƙe ki ba."

"Na sani."

"Kuma kada ki ɗauka zan gode miki."

"Ban ɗauka." Ta ci gaba da wanki. Can ta ce, "An rubuta a katin, Khala. Layi na biyu. Sunan maƙeri yana jikin ƙarfe, kada a goge. Da kin tambaye ni."

Da na tambaye ta. Na ji maganar har cikin haƙorina. Baba na da alamarsa, ɗigo uku yake bugawa a gindin duk laujen da ya ƙera. Akwai shekarar da wani ɗan kasuwa ya goge ta da magagari ya sayar da kayan a matsayin na wani gari, Baba ya yi tafiyar yini guda a ƙasa don kawai ya je ya tsaya a gaban rumfarsa ya kira shi ɓarawo. Yau ga 'yarsa ta yi wa wani maƙerin haka, mutumin da ya mutu ba zai iya tako ƙasa ya zo ya same ni ba.

Suhaila ta ɗauraye hannunta, ta ɗaga su tana juyawa a gaban fuskarta, 'yan yatsun nan masu laushi da ba su taɓa yin kanta ba. Sai ta yi murmushi, hawaye na nan a idon.

"Amma kin ji shaihin? Ya ce hannuna ya san ƙarfe. Zan faɗa wa Ummi. Har Japan za a ba da labarina."

Wasa take yi, don ta sauƙaƙa mini. Na sani. Amma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai wa Hajja abincinta. Ta kama hannuna lokacin da nake ajiye kwano, ta kai hancinta.

"Tun jiya hannunki ke warin lemun tsami da ƙarfe, ɗiyar maƙera."

Na so in zare hannuna, ta riƙe.

"Ni ban ga komi ba, idanuna sun mutu. Yarinyar ga tana da wurin zuwa, ke ba ki da. In kin yi shiru ba mai jin ta bakina." Ta sake ni. "Miƙo min ruwa."

Kowa ya ba ni hanya ke nan. Rufin kwana na nan, mabuɗi na nan, ba mai tona ni. Zan so in rubuta cewa tsoron Allah ne ya hana ni karɓa, ko tausayin yarinyar. Akwai su, ba na musu, amma ba su ne suka fi yawa ba, kuma na ce ba zan yi ƙarya a takardar nan ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tsohon nan zai hau jirgi ya koma ƙasarsu yana cewa ya ga wata yarinya a Makka mai hannun maƙera. Ta karɓe mini ɗakin, ta karɓe hirar, yanzu har laifina ta karɓe, da yabon da ke cikinsa. Wasin nan nawa ne. Ɓarnar ma tawa ce.

Da gari ya waye na ƙulle kayana a jaka na ajiye a gindin matakala, na sa abayata da niƙabina a kai yadda in an ce fita ba sai na koma ɗaki ba. Na shiga kicin na zaɓi wuƙar da ta fi kowacce dakushewa, na ɗauki dutsen da kofin ruwa. Suhaila na tsaye da akwatinta tana jiran direba.

"Khala, ina za ki?"

Na hau falon da Muhandis da baƙonsa ke karin kumallo, na yi sallama, na ajiye mabuɗin a gefen shimfiɗarsu. Na zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, na jiƙa dutsen, na kwantar da bakin wuƙar a kai.

"Muhandis," na ce, "ka ce wa baƙonka ya ajiye shayin nan ya dubi hannuna da kyau."

Na fara ja.